Jan Ƙyallen Mai Fitila

Sai da suka ja gadon har sau uku kafin hasken ya yi musu. A ja na ukun ne ƙafarsa ta baya ta yi ƙara ta tsage, Tela ta ji ƙarar har cikin haƙoranta. Mijinta yana kwance a kai, sun haɗa shi da gadon sun ja, kuma a cikinsu babu wanda ya tuna ya ce masa sannu. Ɗaya ya leƙa ƙarƙashi ya ce ba komai, ya fita ya ɗauko bulo ya tokare ƙafar.

Su huɗu ne, da wayoyinsu da fitilu masu dogayen ƙafafu, a ɗakin da mutum uku ma sai sun yi ta ba juna hanya. Keken ɗinkinta tuni an fitar da shi tsakar gida, wai yana shiga hoto. Babbansu wani matashi ne mai tabarau, mai ladabi kamar ya kwanta a ƙasa, shi ne mai fim ɗin. Ya ce fim na tarihi yake haɗawa a kan tsohon gidan wasan kwaikwayo na garin, wanda ya shekara sittin da ginawa, goma sha biyu da rufewa. Ana so a gyara shi a sake buɗewa, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce masa ba a yi wanda ya san ginin nan kamar mijinta, Mai Fitila, ba.

Tela ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu, ranta yana ɓaci saboda gadon. Tana shirin buɗe baki ke nan sai ta ji muryar mijinta.

"Ɗana, sauke waccan fitilar kamar taƙi ɗaya, ka karkata ta hagu. Yadda ka sa ta, idanuna ramuka biyu za su fito."

Mai kamara ya dubi mai fim, mai fim ya ɗaga masa kai. Aka sauke, aka karkata. Mai kamara ya sa ido a na'urarsa, ya ɗago ya dubi tsohon da ke kwance, ya sake mayar da ido, sai ya yi ɗan fito. Mai Fitila ya yi murmushi ya gyara wuyan rigarsa da hannun da ke yi masa aiki sosai. Shekara goma sha tara rabon Tela da ta ji ya ba wani umarni a kan fitila, don haka ta haɗiye maganar gadon.

A gidan wasan nan suka haɗu. Ita tana ɗakin ɗinki da ke ƙarƙashin dandamali, tana ɗinka wa 'yan wasa kaya, shi kuma yana can sama a kan gadar katako da ake rataye fitilu. 'Yan wasa sukan tsokane su, su ce ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, to a ina aka yi zancen? Shi kuma ya ce a matakala, kuma ita ce ta hau biyu shi ya sauko ashirin.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Kullum da safe kafin ya taɓa fitila, sai ya bi gadar nan katako bayan katako yana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba. Rufin ginin yana yoyo, ruwa yana sauka a kan gadar, ruwa kuwa ba ya barin katako lafiya. In ya ƙwanƙwasa ya ji sautin ya mutu, sai ya sauko wajenta ya ce, Tela, ba ni ja. Ita kuma ta yanko masa daga ragowar jan yadin da ta ɗinka babban labule da shi, ya koma ya ɗaura a ƙarfen da ke gefen katakon, don duk wanda ya hau ya san nan ba wurin sa ƙafa ba ne. Daga nan ya wuce ofishin Manaja ya faɗa masa. Amsar Manaja ɗaya ce kullum, ba ta taɓa canza ko harafi ba: za a duba.

Ƙyalle goma sha huɗu ta yanka masa da almakashinta. Manaja bai taɓa hawa gadar nan ba ko sau ɗaya, tsoron sama yake yi, amma ya iya tsayawa a ƙasa yana nuni da yatsa. Ranar da abin ya faru ana sa ran manyan baƙi, sai ya ce yana son babbar fitila a tsakiya daidai, ta sauko a kansa lokacin da zai yi musu maraba. Tsakiyar kuwa tsakanin ƙyalle na tara da na goma take. Mai Fitila ya ce wurin ba ya hawuwa. Manaja ya ce masa a gaban kowa, in ya tsufa da aikin ya faɗa, akwai masu jira a waje. Haka nan ya hau. Da rana tsaka ne, Tela tana ƙasa tana kafa wa wata riga hannu, sai ta ji wani abu mai nauyi ya bugi dandamalin a saman kanta, ƙura ta zubo a kan ɗinkin. Ta ɗauka buhun yashin da ke riƙe labule ne ya tsinke, har ta yi tsaki.

A aljihunsa akwai 'yar kwalbar sinadarin da yake goge gilashin fitilu da shi, mai wari irin na barasa. Ta fashe a jikinsa. Tun ba a ɗaga shi daga ƙasa ba Manaja ya toshe hanci ya ce wa mutane su ji wari, kuma kafin la'asar an rubuta a takarda cewa a buge ya hau. Mutum fiye da ashirin ne a wurin lokacin da aka tilasta masa hawa, amma kowa abincinsa yana gidan, sai kowa ya kama bakinsa. Mutumin da ko taba sigari bai taɓa sawa a baki ba, shi ne ya zama mashayin da ya faɗo daga sama.

Ƙashin bayan da ya karye Tela ta iya zama da shi. Ta koyi juya shi, ta koyi yi masa wanka, ta mayar da kekenta abin ci da gida. Abin da ya gagare ta haɗiyewa shi ne sunan. Yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya ɗauke ƙafa daga gidan. Maƙwabta suka riƙa yin gaisuwa da wani irin tausayi mai ƙaiƙayi. 'Yarsu, tana da shekara bakwai a lokacin, ta dawo daga makaranta wata rana da riga a yage, aka yi aka yi ta faɗi da wa ta yi faɗa ta ƙi. Yanzu ta girma, nas ce a asibiti, Nas ɗin ma kowa ke kiranta. Tana kula da ubanta fiye da yadda ake zato, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar abin da ya faru ranar nan ba, in ma an ɗauko zancen sai ta tuna tana da wanki. Tela ta san irin wannan shirun, shirun wanda yake tsoron amsa ne, kuma shi ya fi komai ci mata rai.

Shi ya sa ranar da 'yan fim suka zo ta yarda a fitar mata da keke. Mai Fitila ya yi magana fiye da awa guda, bai tsallake komai ba: yoyon rufi, ƙotar sukundireba, za a duba, babbar fitila, kwalba. Ya yi dariya a wasu wuraren. Tela ta buɗe akwati ta fito da ragowar jan yadin, aka ɗauki hannuwanta riƙe da shi. Ta ce wa mai fim in yana son shaida ya ɗaga kamararsa sama, ƙyallayen suna nan, amma don Allah kada ya bar kowa ya hau. Ya ce ai ya gan su, ya yi ta mamakin ko na mene ne. Ya cire tabaransa ya goge ido, ya durƙusa a gaban gadon.

"Baba, wallahi duniya sai ta ji wannan."

Da suka tafi, Tela ta shigo da kekenta ita kaɗai, ta share ɗakin. Gadon dai ba ta iya mayar da shi inda yake ba, ya zauna a kan bulonsa.

* * *

Wata bakwai suna jira. Duk wanda ya leƙo gaisuwa sai Mai Fitila ya ba shi labarin fim ɗin, har ya sa aka aika wa yayansa saƙo cewa in an fara nunawa ya daure ya kalla. Rannan sai ga katin gayyata mai kauri, za a nuna fim ɗin a cikin gidan wasan da kansa, ƙarfe uku na rana.

Shi dai ba zai iya zuwa ba. Matakala goma sha takwas ce daga titi zuwa zauren, ya san adadinta da ka, kuma ya ce ba za a ɗauke shi a hannu a shiga da shi ta ƙofar da ya saba shiga da ƙafarsa ba. Amma da safe ya sa aka kira mai aski, ya sa aka sa masa farar riga, kamar shi ne mai tafiyar. Tela ta ce wa zai gan ka, ya ce ke. Ya ce su zauna a layi na goma ta hannun hagu, nan ne ido ya fi hutawa, kuma su lura da komai don yana son labari ba gutsure. Nas ta nemi wata ta riƙe mata aiki, ta raka uwarta.

An shafe gaban ginin da sabon fenti. A bakin ƙofa 'yan mata ne cikin kaya iri ɗaya, riƙe da faranti cike da jajayen ƙyallaye masu sheƙi, duk wanda ya zo sai a ɗaura masa ɗaya a wuyan hannu. Tela ta tsaya cak, gabanta ya faɗi, sannan wani daɗi ya taso mata. Ashe yaron nan ya cika alkawari! Ga manyan gari da matansu, kowa da jan ƙyallen mijinta a hannu. Ta miƙa hannu aka ɗaura mata tana ta sa wa yarinyar albarka. Akwai rubutu da ruwan zinariya a jikin ƙyallen, amma ta baro tabaranta a kan keke. Nas ta karanta nata, ta daɗe tana kallonsa.

Layi na goma an ajiye wa manya, sai aka tura su can baya. Tela ba ta damu ba. Aka kashe fitilu, fim ya fara, kuma gaskiya a faɗe ta, yaron ya iya aikinsa. Ga tsofaffin hotuna, ga layin 'yan kallo har bakin titi, ga 'yan wasan da suka mutu suna dariya kamar jiya. Ta ga rigar da ta kwana uku tana yi wa ado a jikin wata da ta daɗe a ƙasa, ta taɓa gwiwar Nas ta ce ɗinkina ne. Ta manta da kanta har kusan rabin fim ɗin.

Sai kamara ta fara ɗagawa sama a hankali, aka sa wani kiɗa mai sanyi. Ga gadar, ga ƙyallayen sun koɗe sun yi ƙura, suna rataye ɗaya bayan ɗaya. Tela ta kama hannun 'yarta ta matse.

Fuskar da ta biyo baya ba ta mijinta ba ce. Manaja ne, ya tsufa ya yi furfura mai kyau, yana zaune a kujerar fata, an rubuta a ƙasa cewa shi ne shugaban gidauniyar farfaɗo da gidan wasan. Ya yi murmushi irin na kakanni ya ce wannan wata tsohuwar al'ada ce ta gidan. Wai duk lokacin da za a fara sabon wasa, sai 'yan wasa su hau gadar nan su ɗaura jan ƙyalle don neman sa'a, kowane ƙyalle wasa guda ne da ya yi nasara. Ya ɗan sunkuyar da kai cikin kunya ya ce in ba a ɗauka yabon kai ba ne, shi ya fara ɗaura na farko.

Tela ta ji kunnuwanta sun yi ɗumi. Kafin ta gama fahimta sai ga mijinta ya cika bangon, a kan gadonsa, hasken ya zauna masa daidai, idanunsa tar. Ya buɗe baki ya ce, "Duk wanda ya ga jan ƙyalle a saman nan, ya san abin da ake nufi." Sannan ya yi dariyar nan tasa. Aka nuna hannuwanta riƙe da ragowar yadin. Zauren ya ɗauki wani nishi na jin daɗi, wata a gabansu ta ce kai, abin sha'awa.

Aka dawo kan Manaja. Wannan karon ya yi ajiyar zuciya, ya ce bawan Allah, gwani ne wanda ba a yi irinsa ba. Sai dai yana da 'yar lalurarsa, irin wadda ba a faɗa a gaban jama'a, ita ce ta kai shi ga hatsari, su kuma sun yi iya ƙoƙarinsu su rufa masa asiri. Kiɗa ya canza, aka wuce zancen kujeru da fankoki.

Shi ke nan. Daga maganar awa guda, jimla ɗaya suka tsinta, ita ma suka jingina ta da ƙarya don ta tsaya. Sun ɗauki bakin mutum sun sa shi ya yi wa kansa shaidar zur, a gaban garin duka, a gaban 'yarsa. Tela ba ta ga sauran fim ɗin ba. Tana zaune tana jin hannun Nas ya yi sanyi a cikin nata, tana jin ƙyallen nan a wuyan hannunta kamar an ɗaura mata garwashi.

Da aka kunna fitilu aka yi tafi har da tsayuwa. Manaja ya hau dandamali da sandarsa, ya tsaya a tsakiya daidai, a wurin da mijinta ya faɗo. Tela ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta bi ta tsakiyar kujeru tana ture gwiwoyin mutane, ta isa gaba, ta ɗaga kai ta dube shi. Ba ta ce ranka ya daɗe ba.

"Manaja, ka ji tsoron Allah. Ruɓaɓɓen katako ne! Ni na yanka ƙyallayen nan, goma sha huɗu, kowanne sai da aka zo ofishinka aka faɗa maka. Kai ka tura shi!"

Muryarta ta tsohuwa ce, zauren kuma babba ne, ba ta wuce layi na biyu ba. Shi kuwa makirufo na hannunsa. Ya dube ta na ɗan lokaci, ta ga ya gane ta sarai, sannan fuskarsa ta washe kamar ya ga 'yar'uwarsa da ta ɓata. Ya sa aka kamo hannunta aka hau da ita, ya ɗaga hannun nata sama, mai ƙyallen, ya ce jama'a ga uwarmu, ga hannun da ya yanka ƙyallen farko, a tafa mata. Zauren ya ɓarke. Tana ta magana, bakinta yana motsi, tafi yana cinye kowace kalma. Masu hoto suka yi ta haska ta. Da ta fizge hannunta ta tsinke ƙyallen ta jefar, ta ji wata mata a layin gaba tana cewa Allah sarki, abin ne ya taɓa ta, tsufa ke nan.

A baranda ta baya suka ci karo da mai fim. Ya so ya kauce, Nas ta tsaya a gabansa. Ya durƙusa kamar ranar farko, ya ce Mama ki saurare ni. Ya ce a haɗin farko ya sa komai, har kwalbar, amma da 'yan gidauniya suka kalla suka ce in wannan ya fita babu mai yarda ya kawo iyalinsa ginin, gyaran ma sai ya tsaya. Ya ce kwana uku bai ci abincin kirki ba. Ya ce shi ginin yake so ya ceta, kuma maganar Baba tana nan a ajiye, bai goge ba, wata rana za a yi amfani da ita.

"Ka cire maganarsa, na ji," in ji Tela. "Ba kai ne na farko da ya kama bakinsa ba. Amma wa ya aike ka ka ɗauki dariyarsa ka liƙa wa ƙarya? Mutumin da ya gyara maka fitila yana kwance?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya za ta tafi, sai wani abu ya faɗo mata, ta tambaye shi ko an canza katakon gadar. Ya ce an yi mata fenti. Ya ce gidauniya ta ce a bar ta yadda take saboda tarihi, kuma wata mai zuwa, ranar buɗewa, sababbin 'yan wasa za su hau su ɗaura nasu ƙyallayen, a raya al'ada.

"'Ya'yan mutane za ku tura can sama?"

Ya ce zai yi wa shugaba magana. Ya ce ta kwantar da hankalinta, za a duba.

Tela ta dube shi tun daga tabarau har takalmi. Da zagi ya zo mata da ta samu sauƙi, amma ko zagin bai zo ba. Ta kama hannun 'yarta suka sauka matakala goma sha takwas.

* * *

Suka hau bas suka kama hanyar gida. Tela tana ta juya abin da za ta faɗa wa mutumin da ya yi aski tun safe. Ta yi masa ƙarya, ba ta iya ba, shekara talatin da wani abu bai taɓa kasa karanta fuskarta ba. Ta faɗa masa gaskiya, ta ina za ta fara? Kuma yayansa da aka aika wa saƙo, shi ma zai kalla ya gyaɗa kai ya ce dama ya sani.

"Goma sha huɗu ne," in ji Nas, idonta yana kan taga. "Na ƙirga lokacin da kamara take bi. Tsakanin na tara da na goma babu katako, Mama. Rami ne."

Tela ta juyo ta dube ta. Hawaye ne ke zubo wa yarinyar, ba ta ko share su. Tela ta so ta ce shekara goma sha tara ina jiran ki tambaya, amma ta ga ba amfani, sai ta gyara mata mayafi kawai.

Rana ba ta gama faɗuwa ba suka shiga gida. Yana nan yadda suka bar shi, farar rigar ko lanƙwasa ba ta yi ba, da alama ko motsin kirki bai yi ba don kada ta yamutse. Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, murmushin da ya tanada ya ɗan rage.

"An nuna ƙyallayen?"

"An nuna," in ji Tela.

"Duka?"

"Duka."

"Ni fa?"

Nas ce ta matso ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ce an nuna shi, kuma duk fim ɗin babu wanda haske ya yi wa kyau kamarsa. Ya ce ai dole. Ya miƙa hannu zai dafa kanta, sai idonsa ya sauka a wuyan hannunta. Ta manta ba ta cire nata ba.

Ya kama hannun ya juya shi wajen taga. Ƙafafunsa ne suka mutu, idonsa kuwa har yau yana zura zare a allura in Tela ta kasa. Ya karanta sunan gidan wasan, ya karanta abin da ke ƙarƙashinsa da ruwan zinariya: Ƙyallen Sa'a. Ya sake karantawa, leɓɓansa suna motsi. Bai tambayi komai ba, kuma babu wadda ta yi masa bayani. Tela ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda fuskar da aka yi wa aski da safe take komawa ta jiya, ta ji da Manaja yana kusa da sai dai a raba su.

Ya daɗe yana murza ƙyallen tsakanin yatsunsa. Sannan ya warware shi daga hannun 'yar a hankali, ya miƙa mata.

"Uwata, ɗaura shi a ƙafar gadon nan ta baya, wadda yaran nan suka tsaga. Kada wani ya zo gaisuwa ya zauna ta wajen."

Nas ta durƙusa ta zagaya ƙyallen a jikin katakon.

"Ƙulli biyu," in ji shi, idonsa yana kan rufi. "Ki bar bakin ya sauko, yadda mai shigowa zai gani."

Ta ƙulla sau biyu, ta ja ta tabbatar. Bakin ƙyallen ya sauko ya kwanta a kan bulon, rubutun zinariyar yana kallon ƙofa.